Taƙaitaccen Tarihin Ƙasar Gungu Da Mutanenta

Kwamitin ginin wannan masallaci ya ga ya kyautu a keɓe 'yan shafuna cikin wannan ɗan littafi don mu bayyana wa manyan baƙinmu, da waɗanda suka taimaka da dukiyarsu daga nesa, ko mu su wane ne, daga ina kuma muka fito. Wanda ya zo yau ya iske garinmu bisa tudu, zai zaci a nan aka binne cibiyar kakanninmu, alhali kuwa sai cikin 1968 muka hau wannan tudu. Ƙasarmu ta asali tsibirai ce a tsakiyar kogin Kwara, cikin masarautar Yauri, kuma mafi yawanta yau tana kwance ƙarƙashin Tafkin Kainji.

Kogin da tsibiransa

Ba a gane zaman mutanen tsibiri sai an gane halin kogin da ya kewaye su, saboda haka da shi za mu fara. Kwara ta taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ta nufi arewa maso gabas ta ratsa Mali har kusa da Tambutu, sa'an nan ta karkato kudu ta bi ta Gawo da Yamai da Gaya ta shigo Nijeriya. Tsawonta duka ya kai wajen mil 2,600. Bayan ta karɓi ruwan Gulbin Kebbi sai ta gangaro ƙasar Yauri, a nan fa, tun daga arewacin Yelwa har zuwa Busa, ta kan rarrabu rassa rassa, ta sake haɗuwa, ta kuma rabuwa. Ƙasar da ke tsakanin rassan nan ita ce gungu, watau tsibiri. Wani gungun dutse ne tsagwaronsa, ba abin da ke kwana kansa sai tsuntsaye. Wani yashi ne wanda ruwa kan kawo bana ya kwashe baɗi. Amma akwai manya masu ƙasa baƙa, da itatuwa, da ƙauyuka da gonaki, babbansu kuwa shi ne Foge, wanda don faɗinsa mutum kan yi tafiya a cikinsa har ya manta ruwa ne ke kewaye da shi.

Abin da ya bambanta Kwara da sauran gulaben ƙasar Hausa shi ne, a wajenmu sau biyu take cika a shekara. Cikar fari ita ce ta farin ruwa, wadda kan zo wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan daminar ƙasashen kusa ne, na Gulbin Kebbi da Malendo da sauran rafuka, yana zuwa da gudu, gurɓatacce, ɗauke da laka. Cika ta biyu ita ce ta baƙin ruwa, labarinta kuwa abin mamaki ne. Ruwan saman da ya zuba a Gini tun da damina, in ya iso ƙasar Masina cikin Mali sai ya bazu cikin wata irin fadama mai faɗin gaske, ya yi watanni yana rarrafe a cikinta, ya sauke dukan lakarsa, sa'an nan ya tattaro ya kamo hanya. Ba ya isowa Yauri sai wajen Disamba zuwa Fabrairu, tsakiyar hunturu, garau da shi, har ya yi duhu don tsabta. Watau sa'ad da gulaben Katsina da Zamfara suka zama yashi, mata na tonon ruwa a cikinsu, mu a lokacin ne kogi ke tumbatsa a ƙofar gida.

A kan cikar nan biyu kakanninmu suka tsara shekararsu. Da damina su shuka gero da dawa a tudun tsibiri, shinkafa a kwari. Farin ruwa in ya janye ya bar sabuwar laka a gaɓa, ba mai neman taki. Sai a ja fangali a dasa albasa, baƙin ruwa kuma ya zo ya tsaya dab da ita, mutum ya sa ƙwarya ya ɗebo ya watsa, ba rijiya ba jigo. Albasar Yauri da ta yi suna a kasuwannin kudu, asalinta ke nan. In ruwa ya sauka ga burgu ya fito a fadama, Filani su kawo shanu. Kifi kuwa ba a magana: giwan ruwa, da ƙarfasa, da tarwaɗa, da kurungu, da yauni. Amma a nan ya kamata mu gyara wani zato da baƙi kan yi. Su kan ɗauka duk mutumin tsibiri masunci ne. Bagunge manomi ne tukuna, su kuwa ya kan yi shi gwargwadon bukata. Waɗanda su ya zama sana'arsu ta gado, har da farautar dorina da ayu da zago, su ne Sarkawa, waɗanda asalinsu ke komawa ga Sorko na ƙasar Songhai, suka zauna Kebbi suka zama Hausawa, suka biyo kogi har wajenmu.

Su wane ne Gungawa

Sunan nan Gungawa Hausawa ne suka sa mana, ma'anarsa mutanen gungu. Sunan da mutanen suke kiran kansu da shi shi ne Reshe, harshensu kuwa Tsureshe, wanda masana harsuna suka sa shi cikin dangi ɗaya da Kambarci da Dukkanci. Maƙwabtanmu tun fil azal su ne Kambari da Dukkawa a tudu, Shangawa daga arewa, Lopawa da mutanen Busa daga kudu. An san Gungawa da noma, da sassaƙar jirgi da tuƙinsa, da kokawa.

Zaman mutane a wannan yanki daɗaɗɗe ne ƙwarai. Kafin ruwa ya rufe ƙasar, cikin shekarun 1960, masu binciken kayan tarihi sun yi tono a wurare da dama na bakin kogi, a wani wuri kusa da Yelwa suka sami kayan ƙarfe da tukwane da 'yan siffofi na yumɓu waɗanda shekarunsu suka haura dubu ɗaya nesa ba kusa ba.

Cikin labaran da aka gada, Yauri tana cikin ƙasashe bakwai da ake lissafawa bayan Hausa Bakwai, tare da Kebbi da Zamfara da Nupe da sauransu. Masu ba da tarihi na baka sun haɗu a kan cewa mutanen kogi ne farkon mazauna, daga baya Hausawa suka zo, aka yi auratayya, sarauta ta kafu a Birnin Yauri. Abin da ya jawo Hausawa ba ɓoyayye ba ne. Fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina za su Gwanja sayen goro, tilas su ƙetare Kwara, Yauri kuwa tana cikin manyan mashigai. Ayari ya zo da jakuna ɗaruruwa, da kanwa da tufafi da fatu, ya tsaya a gaɓa, ba mai fid da shi sai mai jirgi. Sarki na da ganuwa da dawaki, amma jiragen na hannun mutanen tsibiri, na fito da na yaƙi duka. Wannan ya sa sarakunan Yauri, in masu hankali ne, su kan lallaɓi Gungawa.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi cikin 1804, Sarkin Yauri na lokacin, Muhammadu Albishir ɗan A'i, ya zaɓi sulhu. Ya yi amana da Gwandu, aka bar masa ƙasarsa da sarautarsa, gidan sarautar Hausawa ya ci gaba da mulki, abin da bai samu ba a Kano ko Katsina ko Zazzau. A zamaninsa ne, farkon 1806, Bature Mungo Park ya biyo kogi cikin jirginsa daga ƙasar Mali. A Yauri jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, shi kuwa ya wuce ya halaka cikin duwatsun Busa. Cikin 1830 waɗansu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suka hauro daga Busa cikin jirgin mutanen ƙasa, suka yi makonni a Birnin Yauri suna neman takardun Park, ba su samu ba. A labarin tafiyarsu sun ambaci tsibirai masu mutane da gonaki da suka ratsa, wannan kuwa yana cikin shaida mafi tsufa da aka rubuta game da mu.

Daga 1844 al'amura suka lalace. Rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin 'ya'yan gida ɗaya, kowa na neman mataimaki daga waje, ta wannan ƙofa Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim suka sami shiga. Shekaru da yawa ana kai hari ana kama mutane, ƙauyukan tudu suka watse, Birnin Yauri mai ganuwa ya zama kusan kufai. A wannan zamani ne amfanin gungu ya fito fili, gama doki ba ya tafiya bisa ruwa. Mutanen tudu suka riƙa gudowa tsibirai, har sarautar kanta ta nemi mafaka a tsibirin Ikum, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da mazauninta Yelwa cikin 1888. Gidaje da yawa cikinmu, in an bi salsala, za a iske kakansu ɗan gudun hijirar wancan lokaci ne wanda aka karɓa aka ba gona da mata.

Zuwan Turawa ma a kan jirgi aka fara samun saɓani. Cikin Oktoba 1898 wani hafsan sojan Ingila mai suna Keating ya tafi tsibirin Hela da 'yan sojoji don ya karɓi jirage, mutanen tsibirin suka ƙi, faɗa ya kaure, aka kashe shi da mutanensa. Ramuwar da ta biyo baya ta yi tsanani. Wanda ya san cewa jirgi shi ne ƙafar mutumin tsibiri, shi ne jakinsa, shi ne hanyarsa zuwa gona da kasuwa da makabarta, ba zai yi mamakin ƙin da suka yi ba. Bayan Turawa sun ci Kwantagora cikin 1901 hare-hare suka ƙare, aka sa Yauri cikin Lardin Kwantagora, cikin 1924 kuma aka mai da ita Lardin Sakkwato. Tsibiran aka haɗa su gunduma guda ƙarƙashin En'e ta Yauri, ana kiranta Gungu.

Musulunci a tsibirai

Tun da wannan littafi na masallaci ne, wajibi ne mu faɗi gaskiyar yadda addini ya iso mu, ba tare da ƙari ba. A Birnin Yauri da zangon fatake Musulunci ya daɗe, malamai na tafe tare da ayari, waɗansu su zauna su kafa makarantar allo. Amma a tsibirai shigarsa a hankali ta kasance. Amanar da ɗan A'i ya yi ta sa ba wanda ya zo wa Gungawa da takobi don addini, waɗanda suka zo da takobi daga baya kuwa bayi suke nema. Saboda haka har cikin ƙarni na 20 jama'a da yawa suna kan al'adun gargajiya. Musulunci ya shiga ta hanyar kasuwa, da aure, da zama tare da Sarkawa da Hausawa, da yaran da aka aika karatu. Ya ƙara ƙarfi zamanin rangadin wa'azi na Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, farkon shekarun 1960, ya kuma game ko'ina bayan tashi daga tsibirai. Ba mu ga abin kunya cikin wannan ba. Waɗanda suka riga mu sun riƙe amana, sun ciyar da baƙo, sun ɓoye wanda aka koro, a kan wannan hali ne addini ya zo ya zauna.

Sai dai akwai wani abu da ya rakiyo shi wanda bai zama dole ba. An daɗe ana ɗauka cewa in Bagunge ya musulunta, to, ya zama Bahaushe ke nan, ya bar harshensa, ya ce shi Bayauri ne. Wani masani Ba'amurke, Frank Salamone, wanda ya zauna Yauri yana bincike cikin shekarun 1970, ya yi rubutu a kan wannan sauyi. Mu a ganinmu kuskure ne a haɗa biyun. Nufawa Musulmi ne ba su yar da Nufanci ba, haka Barebari da Zabarmawa.

Zuwan madatsar ruwa

Bayan samun mulkin kai gwamnatin tarayya ta ƙudura ta datse Kwara don samun wutar lantarki. Aka zaɓi wani wuri kudu da Busa inda kogi ya matse, akwai tsibiri a tsakiya mai suna Kainji, wanda madatsar ta ci sunansa. An soma aiki cikin 1964 zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da rancen Bankin Duniya, aikin bai tsaya ba duk da juyin mulki da yaƙin basasa. Cikin 1968 aka rufe ƙofofi ruwa ya fara taruwa, cikin Fabrairu 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta. Tsayin ginin ya fi ƙafa 200. Tafkin da ya taru a bayansa ya miƙe wajen mil 85, daga madatsar har Yelwa, faɗin fuskarsa kuwa kusan murabba'in mil 500. Inda ya fi faɗi, a nan Foge take. Tsohuwar Busa ta nutse, duwatsun da suka ci Mungo Park su ma suka nutse. Mutum fiye da 40,000 aka tayar, daga Yauri da Borgu.

Ba za mu ce ba a yi tanadi ba. Maimakon a ba kowa kuɗi a ce ya nemi wuri, an gina sababbin ƙauyuka, ɗaki a madadin ɗaki, da bulo na sumunti, da wani irin rufi mai lanƙwasa kamar bayan kunkuru. A takarda abin ya yi kyau. Amma waɗanda suka zana gidajen ba su taɓa kwana cikinsu da bazara ba. Ɗakin laka mai jinka yana numfashi, wannan kuwa da rana tanderu ne, da hunturu ƙanƙara. In ya tsage, mai shi bai san yadda zai gyara ba, don ba da laka aka yi shi ba. Ba a jima ba mutane suka soma gina ɗakunansu irin na dā a gefen na gwamnati, waɗansu suka mai da na sumuntin wurin ajiya.

Babbar hasara kuwa ita ce ƙasa. An iya ƙidaya ɗaki a biya ɗaki, amma lakar da farin ruwa ke shimfiɗawa kowace shekara ba ta da madadi. Manomin da ya saba da gaɓa aka kai shi tudu mai tsakuwa, nesa da ruwa, ya koma jiran sama kamar kowa. Noman albasa ya faɗi warwas a shekarun farko. Ga kuma abin da ba ya shiga lissafin diyya ko kaɗan, watau kaburburan iyaye, da masallatan laka, da tsamiyar da ake hira ƙarƙashinta, da sunan kowane lungu na kogi wanda yaro kan koya tun yana riƙe filafili.

Duk da haka kogi bai juya mana baya ɗungum ba. Da yake ana sakin ruwa don juya injuna, tafkin kan sauka wajen ƙafa 30 kowace shekara kafin farin ruwa ya sake cika shi, sai ya bar fili mai damshi a gefensa. Mutanenmu suka gane wannan da kansu, suka bi ruwa suna shuka a bayansa, noman rani ya farfaɗo, har wani sashi na Foge kan leƙo in ruwa ya ja. Kifi ma ya yi ambaliya a shekarun farko, saboda ciyayi da itatuwan da suka ruɓe cikin ruwa sun zama abinci, masunta suka yi ta zuwa daga Kebbi da Nupe da ƙasashen maƙwabta. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya ragu ƙwarai, raga mai ƙananan idanu ta yi yawa, ana kwashe uwa da 'ya'ya. Wajen lafiya kuma an samu an rasa. Baƙin ƙudan nan mai kawo makanta, wanda ke haihuwa inda ruwa ke gudu bisa duwatsu, ya ragu da nutsewar duwatsun, amma tsargiya ta sami wurin zama cikin ruwan da ke kwance. Wutar da aka tashe mu dominta kuwa, ta haskaka Ikko da Kaduna shekaru da yawa kafin ƙauyukan bakin tafki su gan ta.

Tafki kuma ba kogi ba ne, tuƙinsa dabam. Iska na tayar da igiyar ruwa irin wadda kakanninmu ba su sani ba, ga kututturan itatuwa tsaye a ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi, ga lodin da ya wuce kima ranar kasuwa. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya nufo Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, ya tsage a tsakiyar ruwa, mutum fiye da ɗari suka salwanta. Allah ya jiƙansu. Jikokin mutanen da suka fi kowa sanin ruwa a wannan ƙasa bai kamata a ce su ne ke cika jirgi har ruwa na taɓa baki ba, muna kuma roƙon limamanmu su riƙa faɗin haka a kan mumbari.

A wajen mulki, daga Lardin Sakkwato mun shiga Jihar Arewa maso Yamma cikin 1967, Jihar Sakkwato cikin 1976, Jihar Kebbi cikin 1991, masarautar kuma ta kasu ƙananan hukumomi uku, Yauri da Ngaski da Shanga. Bikin Rigata da ake yi a Yauri, inda ake tseren jirage da ninƙaya, ya sa samari sun koma riƙe filafili da alfahari, wannan abin murna ne. Amma waɗanda suka yi wayo a tsibirai, suka yi noma a can, suka san inda kowace unguwa take, yau duk sun haura saba'in, kullum kuma raguwa suke. Yaranmu da yawa ba su iya gaisuwa da Tsureshe ba. Saboda haka kwamiti ya sayi babban littafi ya ajiye wajen liman. Muna roƙon kowane dattijo da kowace dattijuwa da aka haifa a gungu su zo, ko su aiko jikansu da saƙo, a rubuta sunan tsibirinsu, da unguwarsu, da mai unguwar da suka tashi suka gani, da wanda ya fara kiran salla a wurin, da gefen da makabarta take. Za a riƙa zama don wannan kowace Juma'a bayan La'asar, a rumfar da muke salla yanzu, har ranar da za a rufa sabon ginin a mai da littafin ciki.